Wa ke hawa, wa ke gangarowa a unguwarku? Yanda za ku gano da kanku

Duk wata ƙungiyar ci gaban unguwa da na taɓa zama a cikinta a garin Jos, in aka zo maganar talauci abu ɗaya ake yi, a yi karo-karo, a sayo shinkafa da azumi ko Kirsimeti, a raba, a ɗau hoto a saka a Facebook. Ba laifi ba ne, akwai lada. Amma ka tambayi ciyaman ɗin, cikin gidajen da kuka ba shinkafa shekara biyar da suka wuce guda nawa ne yau sun fi ƙarfin a ba su, guda nawa ne kuma a da su ke bayarwa yau su ake miƙa ma, sai ka ga mutum ya fara sosa ƙeya. Toh wannan tambayar ita za mu bi. Talauci kaman tanki ne da ake ɗiba ta sama wani ruwan na shigowa ta ƙasa, in ba ka san ta ina yake shigowa ba sai ka shekara kana ɗiba tankin na nan yanda yake.

Da farko, duba abin da gwamnati ta riga ta ƙirga

Kar ku fara yawo gida-gida ba ku san alƙaluman da ke ƙasa ba, za a raina ku a ofis. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, tana saka rahotanninta kyauta a shafinta na intanet. Biyu sun fi muhimmanci. Binciken rayuwar iyalai na 2018 zuwa 2019 ya ce kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ƙasa da layin talauci, layin kuwa naira 137,430 ne ga mutum ɗaya a shekara, wato wajen naira 376 a rana, kuɗin da yau ko biredi mai kyau ba zai saya maka ba. Sai na Nuwamba 2022 da ya auna talauci ta fuskoki da yawa, lafiya, ilimi, ruwan sha, makamashin girki, aikin yi, ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari. A karkara kashi 72, a birni kashi 42.

Ku sauke su, ku nemo layin Filato ku kwafe. Amma ku san iyakarsu. Waɗannan alƙaluman ba su san unguwannin Jos irin su Gangare ba, ba su san Rikkos ko Unguwar Rogo ba, a wajensu mai gida a Rayfield da mai ɗakin haya a Dilimi duk "Filato" ne. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma a 2006 aka yi, yaron da aka haifa shekarar yau ya isa tuƙa keke Napep. Wani abin kuma, tun 2023 NBS ta canza yanda take ƙirga rashin aikin yi, in mutum ya yi aikin awa ɗaya a sati an saka shi cikin masu aiki, shi ya sa adadin ya faɗo daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 zuwa 4.1 a farkon 2023 ba tare da an buɗe wata masana'anta ba. Kenan in ka dogara da wannan za ka ce matasan majalisar bakin layinku duk ma'aikata ne.

Na biyu, ku yanke iyaka ku nemi izini

Kar ku ce "Jos ta Arewa". Ya yi faɗi. Ku ɗau unguwa ɗaya, ko ma rabinta, inda ƙafa za ta iya zagayewa a yini guda. A samu babbar takarda a zana layuka, masallatai, coci-coci, makarantu, kemis, famfo ko rijiyar burtsatse, wajen masu POS, tashar keke. Google Maps zai taimaka amma lunguna da yawa ba ya nuna su, yaran unguwa sun fi shi sani.

Sai mai unguwa. Ku je da dattijo ɗaya a cikinku, ba matasa zalla ba, ku ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka, muna so mu san halin da gidajen unguwar nan ke ciki, ba gwamnati ta aiko mu ba, ba kuma rabon kaya za a yi ba." Wannan jimlar ta ƙarshe ku maimaita ta har ta gundure ku. A sanar a masallaci, a sanar a coci in unguwar haɗe take. Wanda ya san abin da garin nan ya gani a 2001 da 2008 da 2010 ya san baƙon fuska da biro da takarda yana rubuta gidajen mutane ba ƙaramin abin tsoro ba ne.

Na uku, gina tsani, kuma nan ne aikin yake

Wannan dabarar ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wani malamin jami'ar Duke a Amurka, Anirudh Krishna, ya yi amfani da ita a ƙauyukan Indiya da Kenya da Uganda da Peru. Maimakon ya zo da ma'anar talauci daga ofis, sai ya tara mutanen gari ya tambaye su, idan gidan da ke cikin tsananin babu ya fara samun ɗan kuɗi, mene ne farkon abin da yake yi da shi? Sai me? Sai me? Har a jera matakai kaman na tsani.

Ku ma haka za ku yi. Ku tara mutum goma zuwa goma sha biyar, maza daban mata daban, don in kun haɗa su matan za su yi shiru ne mazan su cika wajen da surutu. A samu tsofaffi, a samu mai shago, mai kitso, ɗan dako, malamin Islamiyya. Kar ku ba su amsa, ku bari su yi ta musu. Abin da zai fito zai yi kama da haka: farko a ci sau uku ba a tsallake na rana ba, sai a biya bashin mai shago, sai yara su koma makaranta da yunifom da takalmi, sai a biya haya ba sai mai gida ya yi ta sallama ba, sai a shiga adashi, sai a sayi akuya ko keken ɗinki ko firiza, sai a cire yaro daga makarantar gwamnati a kai ta kuɗi, sai keke Napep na kai ba na balas ba, sai fili, sai gini. Naku zai iya bambanta, kuma daidai ne ya bambanta.

In an gama jerawa sai ku tambaya, "Toh a wane mataki ne za a daina ce ma mutum talaka?" Nan za ku sha muhawara. A zaman da muka yi wata tsohuwa ce ta kashe maganar, ta ce, "Ɗana, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ka kai shi asibiti ba ka fara buga ƙofar maƙwabci ba, ranar ka fita." Kowa ya yi shiru, muka ja layi a wajen. Ku ja naku layin ku rubuta, shi ne ma'auninku daga yau, kar a sake taɓa shi ko shekara mai zuwa, in ba haka ba kwatancen ya lalace.

Na huɗu, gidaje nawa, kuma waɗanne?

Ba sai kun shiga kowane gida ba. Gida 100 zuwa 150 ya isa ku ga hoton unguwa. Abin da zai ɓata aikin shi ne zaɓen son rai, ka shiga gidan abokinka, ka tsallake na wanda ba kwa ga-maciji, ka guje ma lungun da kwata ta cika. Ku sa ƙa'ida, misali kowane gida na biyar a kowane layi, in ba a samu kowa ba a dawo da yamma, a dawo washegari, sai an yi sau uku kafin a maye shi da na gaba.

"Gida" kuma ba gini ba ne. Gidan haya ɗaya a Ali Kazaure zai iya ɗaukar iyali takwas. Ma'aunin shi ne tukunya, waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya su ne gida ɗaya. A gidan haya ku rubuta lambobin ɗakuna a 'yan takardu ku jefa ƙuri'a.

Masu tambaya su fita bibbiyu, mace da namiji. Akwai gidajen da "ba a shiga", kuma ko an shiga, maigida sau da yawa bai san nawa matarsa ke samu a awara ko ɗinki ba, ballantana adashin da take zubi a ɓoye.

Na biyar, tambayoyin

Nan muka fara yin kwaɓa. Fom ɗinmu na farko tambaya ta uku ita ce "nawa kake samu a wata?" Wallahi ranar kowa a layin ya zama fakiri, har wani mai motoci biyu ya ce Allah ne kawai ke rufa asiri, saboda labari ya riga ya zaga cewa sunayen tallafi ake ɗauka. Muka yaga fom ɗin muka sake. Bahaushe ba ya faɗin samunsa, wani don tsoron baki, wani don tsoron 'yan uwa masu roƙo, mai sana'ar hannu kuma shi kansa bai sani ba, yau a samu gobe a rasa. Don haka ku tambayi abin da ake gani da abin da ake tunawa:

Jiya sau nawa aka ɗora tukunya? Cikin satin nan an tsallake cin abinci don babu? Yara nawa ne suka isa makaranta, nawa ke zuwa? An koro wani don kuɗin makaranta a zangon nan? Gidan naku ne, na gado ko haya? Da me ake girki, itace, gawayi ko gas? Hanyoyin samun kuɗi nawa ne a gidan, su wa ke yi? Akwai bashi, na waye, an ci shi don me? Cikin shekarar nan an sayar da wata kadara? Wani ya kwanta asibiti, da me aka biya?

Sannan babbar tambaya. Ku nuna tsanin ku ce, "Baba, yau gidan nan yana wane mataki? A da fa?" Kar ku ce "shekara biyar da suka wuce", ba wanda ke lissafi haka. Ku ɗaure ta da abin da kowa ke tunawa: lokacin kullen korona a 2020, lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 da aka yi ta kwana a layin banki, kafin cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023. Ku zaɓi guda ɗaya ku tsaya a kai ga kowa. Ga dattawa za ku iya ƙarawa da "kafin gobarar kasuwar Taminus" ta 2002, za ku ji labarai da ba ku taɓa ji ba, gidaje nawa ne daga ranar ba su sake miƙewa ba.

In mutum ya ce ya hau ko ya gangaro, sai ku ce "me ya faru?" ku yi shiru. Zai fara da "ƙaddara ce" ko "yanayin ƙasa". Ku amsa da haka ne, sannan ku ce, "Mama, wane abu ne ya fara faruwa?" A hankali za a jero: maigida ya yi ciwon ƙoda, aka sayar da keke, yaro ya bar makaranta ya shiga dako a Farin Gada. Ku rubuta su bi da bi yanda suka faru, jerin ya fi kowace lamba amfani.

Ra'ayina, kar ku saka tambayar addini ko ƙabila a fom. A Jos ba ta jawo komai sai zargi, kuma ba ita za ta gaya muku abin da za ku gyara ba. In kuna son sanin ko rikici ya taɓa gida, "kun taɓa canza unguwa? me ya sa?" ta wadatar.

Duka kar ya wuce tambaya 25, minti ashirin. A gwada a gida goma tukuna a gyara. In kuna da wayoyin Android, KoboToolbox, shafin haɗa fom na tambayoyi, kyauta ne ga ƙaramin aiki irin wannan, ana cika fom a manhajarsa ta waya KoboCollect ko babu netwok, in an samu data sai a tura. Google Forms ma yana yi amma shi sai da data. In babu ko ɗaya, littafi mai layi da biro ba su taɓa mutuwar caji ba.

Na shida, littafin farashi

Wannan gajere ne amma kar a bar shi. Mutum ɗaya ya riƙa zuwa kasuwar Katako ko ta Farin Gada rana ɗaya a kowane sati ya rubuta kuɗin mudun masara, shinkafa, wake, kwalbar manja, ƙullin gawayi, kuɗin keke daga unguwa zuwa Taminus. Dalili, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024, don haka wanda ke samun dubu uku a da yau yana samun dubu biyar ba lallai ya ci gaba ba. Ku mayar da komai mudu. A ce mai keke, bayan ya cire mai da balas, abin da ya rage masa a da yana sayen mudu shida yau huɗu yake saya, toh ya gangaro ko da takardun da ke aljihunsa sun fi yawa.

Na bakwai, lissafi

Ba a buƙatar digiri. A Excel ko Google Sheets, kowane gida layi ɗaya, sai a raba su kashi huɗu: talaka a da talaka yau, talaka a da ya fita, mai rufin asiri a da ya faɗa, mai rufin asiri har yau. A ce cikin gida 100, goma sha biyar sun fita, goma sha takwas sun faɗa. Wanda ya kalli jimla kawai zai ce talauci ya ƙaru da uku, ba wani abu ba. Alhali gida 33 ne rayuwarsu ta juya, kuma dalilan hawa daban, dalilan faɗuwa daban, maganinsu ma daban.

Sai ku ɗauko labaran nan ku ƙirga dalilai: ciwo sau nawa ya fito, mutuwar mai ciyarwa, bashi mai ruwa, hidimar biki, gobara ko sata, kwace keke, tashin haya. Haka na hawa: ƙarin sana'a ta biyu, mace ta fara sana'a, yaro ya gama koyon aiki ya samu kayan aiki, ɗan uwa a Abuja ko Legas yana turo kuɗi. Krishna a ƙasashen da ya yi aiki ya tarar ciwo da kuɗin magani ne kan gaba wajen jefa gidaje talauci, ƙara hanyoyin samu kuma shi ke yawan fitar da su. Kar ku kwafa nasa, ku duba ko naku ya yi daidai.

Hattara biyu. In kuna lissafin kuɗi kar ku tara ku raba, Alhaji ɗaya mai tireloli zai ɗaga unguwa gaba ɗaya a takarda, ku jera daga ƙarami zuwa babba ku ɗau na tsakiya. Sannan in gida uku kacal kuka samu a wani rukuni, kar ku fita kuna cewa "kashi 67 cikin ɗari", ku ce biyu cikin uku. Ku kuma ɗiga sakamakon a taswirar nan taku, wani lokaci sai ka ga masu faɗuwa sun taru a lungu ɗaya. A Amurka wani masanin tattalin arziki, Raj Chetty, da abokan aikinsa sun bi bayanan mutum wajen miliyan 20 tun suna yara, suka fitar da taswira a 2018 da ta nuna unguwar da yaro ya tashi tana taɓa abin da zai samu in ya girma, har tsakanin unguwanni maƙwabta. Ku naku ƙarami ne amma tambayar ɗaya ce.

Na takwas, a mayar ma jama'a, a zaɓi abu ɗaya

Kafin kansila ya gani, mutanen unguwa su fara ji. A koma wajen waɗanda suka gina tsanin a karanta musu ba tare da sunan kowa ba, a ce "haka ne ko mun yi kuskure?" Za su gyara muku abubuwa.

Sannan ku zaɓi abu ɗaya, biyu in kun matsa. In ciwo ne ya fi kayar da mutane, kuɗin shinkafar bana ya tafi wajen yi ma gidajen da ke bakin layi rajistar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ku je ofishinsu ku tambayi kuɗin shekara da asibitocin da ke karɓa kusa da ku, ko ku buɗe asusun ciwo da ake zubi duk sati. In kun ga yara suna gama koyon kanikanci a Dilimi ko walda amma suna komawa zaman majalisa don babu kayan aiki, toh ba sabon horo suke buƙata ba, akwatin sifana suke buƙata, a saya a ba su bashi ba ruwa. Hedikwatar ITF, hukumar horar da ma'aikata da koyar da sana'a, a Jos take, akwai NDE ta samar da aikin yi da SMEDAN ta ƙananan sana'o'i, takarda mai alƙaluma ta fi "muna neman taimako" shiga a irin waɗannan ofisoshin. Ga waɗanda ke can ƙasan tsani kuwa, bashi ba ya musu amfani, cinye shi za su yi don yunwa. Tsarin da ƙungiyar BRAC ta fara a Bangladesh a 2002 shi ya fi dacewa da su: a ba da kadara kaman akuya, a haɗa da ɗan kuɗin abinci na wasu watanni don kar a sayar da ita, da koyarwa, da ajiya, da mai leƙowa akai-akai. An gwada shi a ƙasashe shida har da Ghana da Habasha, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna a yawancinsu ribar ta ɗore bayan an daina tallafin.

Wajen kansila ko ciyaman shafi ɗaya ya isa. "Yallaɓai, mun shiga gida kaza, ga abin da ya fi kayar da mutane, ga abu ɗaya da muke nema." Ku tambaya kuma ko unguwarku na cikin rajistar marasa galihu ta ƙasa da ofishin NASSCO ke kula da ita, in babu ku nemi a zo a yi. Amma kar ku miƙa ma kowane ɗan siyasa jerin sunaye da lambobin waya, ko ya yi alƙawarin me.

Na tara, amana da dawowa

Sirrin gidajen mutane kuka ɗauko, wa ke da bashi, wa ke kwana da yunwa. Akwai ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma tun kafin doka akwai amana. A fom kar a rubuta suna, a ba kowane gida lamba. Littafin da ya haɗa lamba da suna guda ɗaya ne tak, yana hannun mutum biyu da aka yarda da su, ba a ɗaukar hotonsa, ba ya shiga guruf ɗin WhatsApp. Wanda ya ce ba zai amsa ba a yi masa godiya a wuce.

Littafin nan shi zai ba ku damar komawa gidajen nan dai bayan shekara, a watan da kuka yi na bara, don in kun yi na farko da kaka abinci na araha kuka yi na biyu a tsakiyar damina za ku ga faɗuwar da ba ta faru ba. Wanda ya tashi daga unguwar ku bi sawunsa ta waya ku ji ina ya koma, ya gina nasa ne a Bukuru ko haya ce ta kore shi. Mu a zagaye na biyu nan muka fi shan wahala, layukan waya da yawa an rufe su, shi ya sa yanzu muke karɓar lamba biyu a kowane gida, ta mai gidan da ta wani ɗan uwa da ba a gidan yake zaune ba.